Sau Uku Ta Kira Ni

Ishaya, Talatu, abin da na rubuta muku a baya, na ƙuruciyata a ƙauyenmu na kan dutse da na shekarun soja, bai ba ni wuya ba, domin ko inda na yi kuskure a ciki, kuskure ne da uba zai iya faɗa yana kallon idon 'ya'yansa. Wannan babin daban yake. Labarin shekarar da mahaifiyarku Rifkatu ta faɗi ne, kuma abin da na gaya muku a lokacin ba gaskiya ba ne.

Da na ajiye kaki na dawo Zuru, na ɗauka hutu zan yi. Ashe zaman banza ciwo ne. Shekara talatin da biyar ana tashe ni da asuba, ana ba ni umarni ina ba na ƙasa da ni, sai ga ni a ƙofar gida ina kallon awaki suna wucewa. Mutane kan ce, "Manjo, ina kwana?" su yi gaba, babu mai buƙatar komai a wurina. Na gwada noma a gonarmu ta hanyar Manga, gwiwoyina suka ƙi, dole na ba da ita ana noma mini, sai dai in leƙa jefi-jefi. Mamanku kuwa ba ta san zama ba. Tana da zumuntar mata a coci, tana da kajinta, tana dama kunun sayarwa kowace safiya. Ni abin da ya rage mini shi ne dara da maƙwabcina Malam Audu, wanda muka yi bariki ɗaya da shi shekaru da yawa. In ya dawo daga sallar la'asar sai mu zauna gindin mangwaron bayan gidanmu, mu tona ramuka a ƙasa, mu yi ta gardama har magariba.

A Kirsimetin da ya gabaci faɗuwarta ne kai Ishaya ka zo daga Kaduna da sabuwar waya mai shafawa. Ka lura da yadda nake zaune shiru, sai ka sa mini wani gem, wato wasan waya, a ciki, ka ce:

"Baba, wannan naka ne na sojoji. Zai riƙa ɗebe maka kewa."

Ina so ka ji wannan tun yanzu: ban taɓa ɗora maka laifi ba. Alheri ka yi niyya.

Ga yadda wasan yake, tunda ke Talatu ba ki taɓa buga shi ba. Jirgi ne yake zubar da mutane masu yawa a wani fili, kowa ya nemi bindiga, a yi ta yaƙi har a bar ƙungiya ɗaya a tsaye. Mutum huɗu-huɗu ake haɗawa, kuma mutane ne na gaske a wasu garuruwa, kana jin muryarsu suna jin taka. In an fara zagaye ba a tsayar da shi, wanda ya fita ya bar 'yan'uwansa a hannun abokan gaba. Da farko yatsuna sun ƙi, ana kashe ni tun ban tsinci bindiga ba. Amma na san abin da samarin nan ba su sani ba. Na san inda ake kwanto, na san ba a ratsa fili a guje, na san lokacin da ake haƙuri a bar abokin gaba ya matso. Cikin wata biyu sun fara nemana. Da na kunna sai in ji ana cewa, "Baba Soja ya zo, yau za mu ci." Ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba har yau, amma rabon da wani ya yi murnar zuwana haka tun ina sanye da kaki.

Ban san ranar da abin ya daina zama wasa ba. Na dai san gindin mangwaron nan shi ne inda sabis ya fi kamawa, kuma wata rana Malam Audu ya zo da 'ya'yan dara a hannu, ya tsaya a kaina ya yi sallama sau biyu, na ɗaga masa hannu ban ɗago kai ba. Ya jima a tsaye sannan ya ce:

"Manjo, in ka gama yaƙin ka aiko a kira ni."

Ban aika ba. Haka ramukan dararmu suka cike da ƙasa. A coci na koma bencin baya, ina ɗora Littafi Mai Tsarki a kan wayar ina leƙa ko mutanena sun hau. Tuwo yakan huce a gabana har kaji su fara sa baki. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne yadda hannuna ya fara riga tunanina. Ni da aka sani da sanyin rai, wanda ko kurtun da ya yi laifi sai na ƙirga goma kafin in yi masa magana, sai ga ni ina jifa da kofi don sabis ya yanke. Wata rana mamanku ta zo ta taɓa kafaɗata ina tsakiyar harbi, aka kashe ni, kafin in san me nake yi na miƙe na daka mata tsawa na kira ta da sunan da ba zan rubuta a nan ba. Ta gyara ɗankwalinta, sannan ta ce:

"Baban Ishaya, shekara bakwai ka yi kana golmo a gonar babana, kana noma da zufarka don a ba ka ni. Ko sau ɗaya ban ji ka ɗaga murya ba. Yau saboda wannan abin?"

Na ba ta haƙuri, kuma har zuciyata nake nufi. Na rantse mata na bari. Kafin ta gama wanke kwanonin da ta kwashe, na sake shiga.

Da Ista ke Talatu kika zo daga Sakkwato, inda kike aikin nas. Kwana biyu kina kallona ba ki tanka ba, ran na uku kika jawo kujera kika zauna kusa da ni, kika ɗora yatsa a goshina.

"Baba, a nan gaban ƙwaƙwalwa akwai wurin da aikinsa ke nan ya ce wa mutum dakata. Kamar birki yake. Shi wannan wasan, duk sanda ka ci sai ya ɗan sammaka daɗi, ƙwaƙwalwa ta ce a ƙaro. In aka daɗe a haka, muryar a ƙaro tana ƙarfi, ta dakata tana raguwa. Ba yara kaɗai yake kamawa ba."

Na yi dariya, na ce miki ni da na sha tsayuwa gadi tun safe har yamma ko ƙuda ban kora ba, wa zai koya mini riƙe kai?

"Shi ya sa nake jin tsoro, Baba," kika ce. "Wanda ya yarda birkinsa yana da kyau ba ya duba shi."

Kafin ki koma kika auna jinin mamanku, fuskarki ta sauya. Kika ce ya hau sosai, kuma maganin da za ki sa ta a kai ba a tsallake shi ko kwana ɗaya. Kika ce za ki riƙa aiko da shi duk wata ta hannun wani direba, ya ajiye wurin wani mai shago a bakin tasha, ni kuma in je in karɓa. Aikina ke nan duka. Tafiyar da ba ta fi minti ashirin a ƙafa ba.

Wata uku na farko na karɓo. A na huɗu, damina ta sauka sosai, kika kira ni ranar wata Litinin kika ce saƙo ya iso. Na ce to. Na sa takalmi har na kai ƙofar gida, sai wayar ta yi ƙara a aljihuna, mutanena suna nemana. Na ce bari in yi zagaye ɗaya. Da na ɗago kai rana ta faɗi. Washegari haka, jibi haka. Ba mantawa nake yi ba, wannan nake so ku gane. Kullum ina sane, kullum ina cewa da na gama wannan zan tashi, sai in ga babban yatsana ya danna sabo tun ban yanke shawara ba. Ran na uku maganin gida ya ƙare, mamanku ta tambaye ni. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, sai na ji bakina yana cewa:

"Talatu ba ta aiko ba tukuna."

Sai ta ce, "Ƙila aiki ya yi mata yawa. Kada ka kira ta, kar mu dame ta." Kwana tara maganin yana bakin tasha kafin abin ya faru.

Ranar Laraba ce da safe, an yi ruwa an ɗauke. Mamanku tana kicin tana dama kunu, ni ina gindin mangwaro a kan benci. Abin sauraron da nake sawa a kunne, ɓarinsa ɗaya ya lalace tun tuni, don haka kunnena na hagu a buɗe yake. Ba zan ce muku ban ji ba.

"Baban Ishaya!"

Na ce, "Ina zuwa."

Mun shiga ƙarshen zagaye, ƙungiya uku ta rage. Bayan ɗan lokaci ta sake kira, amma wannan karon sunan bai fita daidai ba, kamar mai magana da tuwo a baki. Na san wannan muryar. Na taɓa jin irinta a bakin wani kofur da ya faɗi a filin fareti, kuma an koya mana cewa in aka ji ta ba a jira.  Na ji wani abu a cikina yana cewa tashi, Bawa, tashi yanzu. Ƙafata ta dama har ta motsa. Amma a kunnen dama wani yaro yana ihu, "Baba Soja, suna bayanka, kar ka bar mu!" Na ce wa kaina minti biyu. Kira na uku ba suna ba ne, wani sauti ne kawai, sai ƙarar kwano ya faɗi yana juyawa a kan siminti har ya yi shiru.

Muka ci zagayen. Yaran suna ta sowa. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko fasto: na danna sabo. Ban san yadda zan bayyana muku ba. Ina jin tsoron abin da zan tarar a kicin, yatsana kuwa ya san hanyar da ba sai na tarar da komai ba. Na buga wannan zagayen har aka kashe ni, sannan na tashi. Daga kiranta na farko zuwa shigata kicin an yi kusan awa ɗaya.

Na same ta kwance a gefen murhu, kunun ya malale har ƙarƙashin zaninta, bakinta ya karkace. Hannunta na dama yana jingine da dutsen murhu mai zafi, ya ƙone, ba ta iya janye shi ba. Idonta a buɗe yake, yana kallon ƙofa. Tun yaushe take kallon ƙofar, Allah kaɗai ya sani. Na ƙwala wa Malam Audu kira, ya taho a guje babu takalmi, ya tsayar da wata mota muka kai ta asibiti. Likita ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na ce ban sani ba, na je duba gona, dawowata ke nan na same ta. Malam Audu ya kalle ni, ya kalli ƙafata da babu ko ɗigon laka, ya kau da kai. Likitan ya tambaya ko tana shan maganin hawan jini. Na ce ya ƙare, ba a aiko ba. Ƙarya ta biyu ta fito da sauƙi don ta riga ta san hanya.

Washegari kuka iso, ku biyun. A barandar asibiti kai Ishaya ka ji maganar magani, ka juya kan ƙanwarka a gaban mutane.

"Ke ce nas! Abu ɗaya aka bar miki, ki aiko wa Mama magani, shi ma kin kasa?"

"Yaya, na aiko! Na kira Baba na gaya masa. Baba, ba na kira ka ba?"

Kuka zuba mini ido. Nan ne wurin da zan iya gyara komai da magana ɗaya. Na ga yadda fuskokinku za su koma in na faɗa, na ga ana nuna ni a kasuwa da coci, tsohon soja da wasan yara ya hana shi ceton matarsa. Sai na ce:

"Kin kira, amma na je tasha ba a ba ni komai ba."

Talatu, ba ki yi gardama ba. Kin kalle ni kin daɗe, kika juya kika shiga wurin mamanki. Ina jin tun a ranar kin sani. Ishaya kuwa ya ce ai da kin damu da kin bi sawun saƙon, ya faɗi wasu maganganun da ba a mayarwa ciki. Ni da na haddasa ina tsaye a tsakani ina cewa ku yi haƙuri.

Aka sallamo ta bayan mako uku. Ɓarin jikinta na dama ya mutu, magana ta tafi, amma hankalinta yana nan sarai. Wata biyar ta yi a haka. Ni nake juya ta, nake wanke ta, nake ba ta abinci, har matan zumunta suna yaba mini, suna cewa irin mijin nan ba a samu. Duk sanda wani ya zo gaisuwa ya tambayi yadda abin ya faru, sai in maimaita labarin gona, tana kwance tana jina. Ba ta taɓa yin wani sauti don ta ƙaryata ni ba, ko da yake tana iya yin gurnani in tana son ruwa. Rufe ido kawai take yi har baƙon ya tafi.

Za ku ɗauka bayan wannan na jefar da wayar. Na jefa ta a rijiyar bayan gida mako guda da dawowarmu. Kwana goma sha ɗaya na yi babu ita, ina jin haushin kowa, har kukan kaza yana sa ni zabura. Ran na sha biyu na tafi kasuwa sayo mata omo da sabulu, na dawo da wata wayar a aljihu. Ina shiga banɗaki in buga, in fito in wanke hannu in ba ta kunu. Wata rana da rana ina gyara mata matashi, wayar ta zamo daga aljihun rigata ta faɗa kan ƙirjinta, fuskar wasan a kunne. Ta kalle ta. Ta sa hannunta na hagu, mai lafiyar, ta ɗauka a hankali. Na ɗauka za ta yi jifa da ita, kuma da na ji daɗi in ta yi. Sai ta miƙo mini, ta danna ta cikin tafin hannuna, ta juya fuskarta bango. Daga ranar ba ta ƙara karɓar abinci daga hannuna ba, sai matar Malam Audu ta zo ta ba ta. Ta rasu lokacin girbin dawa, da hantsi, ina ɗakin.

A wurin jana'iza kun zauna nesa da juna, kuma shekara uku ke nan ba ku gaisa ba. 'Ya'yanku ba su san junansu ba. Kowannenku yana kirana dabam yana tambayar lafiyata, ina amsawa, ina cin ladabin da ban cancanta ba.

Na taɓa komawa wurin likitan na tambaye shi, ba tare da na gaya masa dalili ba, ko da an kawo ta da wuri da ta tashi. Ya ce babu mai iya tabbatarwa, amma a irin wannan ciwon kowane minti yana da daraja. Na so ya ce mini babu bambanci. Bai faɗa ba.

Ba zan yi muku ƙarya ta uku in ce na warke ba. Wayar yanzu tana hannun Malam Audu, shi yake kawo mini in kun kira, ya tsaya har in gama ya karɓe. Sau biyu na je har gidansa ina roƙonsa ya ba ni ita na minti goma, ni mai furfura, yana hana ni yana kuka. Maganar da kika yi mini ta birki, Talatu, na yi ta juya ta. Wataƙila gaskiya ne wani abu ya lalace a kaina. Amma ban yarda in ɓuya a bayansa ba, domin na ji muryarta, na gane ta, kuma a barandar asibiti babu waya a hannuna sa'ad da na zaɓi in bar laifin a kanki.

Kwana biyu bayan faɗuwar mamanku na je bakin tasha a ɓoye. Mai shagon ya miƙo mini ƙullin ya ce, "Manjo, har na fara tunanin ko lafiya." Ban iya zubar da shi ba. Yana cikin akwatin ƙarfena na soja, ƙarƙashin kakin, ba a buɗe ba. Na ce wa Malam Audu ya haɗa shi da waɗannan takardun ya aika maka Kaduna, Ishaya. Rubutun ƙanwarka yana jiki, da ranar da ta aiko, da abin da ta ƙara a ƙasa da jan biro: a gaya wa Mama kada ta tsallake ko ɗaya. Ka karanta da idonka, sannan ka kira ta. Ni ba sai kun kira ni ba.